Amsar Tambayoyinku: Wai Da Gaske Ne An Yi Ɓera Mai Haske?

  A wannan mako takarda guda za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi, wanda ya ce gardama ce ta kaure tsakaninsa da abokan zamansa a rumfar kasuwa. Wai ɗansa ne ya nuna masa hoto a cikin waya, na waɗansu jariran ɓeraye kore shar, suna haske kamar an kunna musu fitila a ciki. Shi dai ya ce haɗin hoto ne, waɗansu kuma suka ce sihiri ne irin na Turawa. Shi ne yake so mu raba musu gardama. Da gaske ne akwai irin wannan ɓera? In da gaske ne, mene ne amfaninsa? Kuma ba a tsoron wata rana su ɓalle su shigo rumbunan jama'a?

To, Malam, mun gode da wannan takarda. Hoton da ka gani ba haɗi ba ne, kuma babu sihiri a cikin lamarin. Akwai irin waɗannan ɓeraye, ko kusa in ji Sakkwatawa, a ɗakunan bincike na jami'o'i a Japan da Amurka da Sin da ƙasashen Turai. Wanda ya fara yin suna a cikinsu an ba da labarinsa ne a shekara ta 1997, daga Jami'ar Osaka ta ƙasar Japan, a hannun wani masani mai suna Masaru Okabe da abokan aikinsa. In aka haska wannan ɓera, fatarsa da namansa da hantarsa da zuciyarsa duk kore suke, ban da gashinsa da jajayen ƙwayoyin jininsa. Shi ya sa a hoto aka fi nuna jarirai, waɗanda gashi bai rufe su ba tukuna. In babba ne kuwa, sai ka ga koren a kunnuwa da hanci da ƙafafu da wutsiya.

Amma fa kada ka ɗauka in ka ajiye shi a ɗaki da dare zai haska maka ɗakin kamar aci-balbal. Haskensa ba irin na maƙesu ba ne, wato ƙwaron nan mai walƙiya da dare a lokacin damina, wanda shi da kansa yake kunna wutarsa. Ku 'yan kasuwa kun san 'yar fitilar nan da ake duba takardar kuɗi da ita don gane jabu. A ido takardar ba ta nuna kome, amma da an sa ta a ƙarƙashin fitilar sai waɗansu zane-zane su fito suna ƙyalli. An kashe fitila, ƙyalli ya ɓace. Kunama ma haka jikinta yake yi in aka haska ta da irin wannan fitila. To, shi ma ɓeran nan haka yake. Sai an dalla masa shuɗin haske, sa'an nan jikinsa ya mayar da kore, mai kallo kuma ya sa tabarau mai ruwan ɗorawa don ya tare shuɗin ya ga koren sosai. Da rana tsaka, in ka gan shi a keji, da wuya ka bambanta shi da 'yan'uwansa.

Ina aka samo koren? Daga teku. Akwai wata halittar ruwa da ake kira jelifish, mai siffar 'yar laima, ba ƙashi, ba jini, jikinta garai-garai kamar ruwa. Wani irinta da ke zaune a gaɓar tekun yammacin Amurka yana da ɗigo-ɗigo a bakin laimar masu yin koren haske in an taɓa shi. A shekara ta 1961 wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Osamu Shimomura, wanda yana ɗan shekara 16 aka jefa bom ɗin nukiliya a Nagasaki yana kusa da garin, ya je wani wuri da ake kira Friday Harbor don ya gano sirrin wannan haske. Aikin na haƙuri ne ƙwarai. Da koma ake kamo su ɗaya bayan ɗaya, a yanke bakin laimar da almakashi, a matse ruwan a cikin ƙyalle. Daga jelifish wajen 10,000 abin da ya tace bai wuce nauyin ƙwayar gero guda ba. Ya yi ta komawa wurin, shi da iyalinsa da abokan aikinsa, har zuwa shekara ta 1988, kuma bisa lissafinsa sun kama wajen 850,000.

Abin da ya je nema wani sinadari ne mai ba da shuɗin haske, ya kuwa same shi. Amma a cikin rahoton da ya buga a 1962 ya ambaci cewa akwai wani sinadari na biyu, irin wanda ake kira furotin, mai shanye shuɗin hasken ya mayar da shi kore. Wannan na biyun, da ba a damu da shi ba a lokacin, shi ne daga baya ya zama gwani. Masana na kiransa GFP, mu kuwa a nan sai mu ce masa koren furotin.

Kafin mu ci gaba, Malam, ga kalmomi biyu da za ka riƙe. Jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina soro da tubali. Su za mu kira ƙwayoyin jiki. A cikin kowace ƙwayar jiki kuma akwai wani rubutaccen umurni da ake gada daga uwa da uba, wanda ke faɗa mata abin da za ta ƙera. Shi ne ke sa farar dawa ta haifi farar dawa, jar akuya ta haifi jar akuya. Kowane layi na wannan umurni shi za mu kira ƙwayar gado. Abin mamaki, haruffan wannan rubutu iri ɗaya ne a wurin kowace halitta. Saboda haka in ka kwafo layi daga jelifish ka saka a cikin ɓera, jikin ɓeran zai iya karanta shi ya yi aiki da shi.

Wanda ya fara ware layin da ke ƙera koren furotin wani Ba'amurke ne mai suna Douglas Prasher, a shekara ta 1992. Sai dai kuɗin binciken da aka ba shi ya ƙare kafin ya kai ga gwada shi. Bai yi rowa ba, ya aika da abin da ya samu ga masana biyu da suka roƙe shi, Martin Chalfie da Roger Tsien. A 1994 Chalfie, na Jami'ar Kolombiya, ya ba da rahoton cewa ya saka layin a cikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, ƙwayoyin jikinta da ya zaɓa kuwa suka yi kore tana raye tana tafiyarta. Nan aka gane cewa furotin ɗin ba ya bukatar a ƙara masa wani magani, iskar da dabba ke shaƙa ta ishe shi. Shi kuma Tsien ya yi ta sassauya shi har ya ƙara masa haske, ya fitar da shuɗi da ruwan ɗorawa. Ja kuwa daga murjanin teku waɗansu masanan Rasha suka samo shi a 1999. A shekara ta 2008 aka bai wa Shimomura da Chalfie da Tsien lambar yabo ta Nobel. Ka'idar lambar ba ta wuce mutum uku, don haka Prasher bai samu ba. A lokacin ma ya bar aikin kimiyya, yana tuƙin motar kai mutane a wani kamfanin sayar da motoci a jihar Alabama. Chalfie da Tsien ne suka biya masa kuɗin jirgi ya je bikin a ƙasar Suwidin. A ganinmu ya cancanci a riƙa ambatonsa duk lokacin da aka ta da wannan labari.

Yaya ake saka abin a jikin ɓera? Ba allura ake yi wa babban ɓera ba, ba kuma fenti ake shafa masa ba. Tun yana ƙwai ake yin aikin. Ana ciro ƙwai daga cikin macen ɓera jim kaɗan bayan barbara, ƙwan da faɗinsa bai wuce kaurin gashi guda ba. A ƙarƙashin madubin likita mai girmama abu, sai a soka masa wata siririyar allura ta gilashi a ɗura masa ƙwayar gadon. Daga nan a mayar da ƙwayayen cikin mahaifar wata macen, ta rene su. Bayan kamar kwana 20 sai ta haihu. Ba duka 'ya'yan ke ɗauka ba, sau da yawa ɗaya ko biyu ne cikin goma. Sai a haska su a ware masu koren. Da zarar an sami guda, to an sami iri, domin zai gadar wa 'ya'yansa, su ma su gadar wa nasu. An fara irin wannan ɗurin ƙwai tun 1980, wato tun kafin a ware layin da ke ƙera koren furotin. Daga 2013 kuma aka sami wata dabara mai aiki kamar almakashi, wadda ke ba da damar a ajiye layin daidai wurin da ake so.

Me ya sa ɓera, ba akuya ko biri ba? Don sauri da arha. Ɓera na balaga cikin mako shida zuwa takwas, yana haifar 'ya'ya shida ko takwas ko fiye a ciki ɗaya, ba ya cin wuri, kuma shekara biyu ta ishe ka ka ga ƙuruciyarsa da tsufansa. Ga shi kuma yana shayarwa kamar mu, yana da hanta da ƙoda da ɓargo da ƙwaƙwalwa, kuma da aka gama karanta rubutun gadonsa a 2002 an tarar kusan kowace ƙwayar gado tasa tana da takwara a jikin ɗan Adam.

Yanzu sai babbar tambayarka, wato amfanin abin. A da, in masani na son ya san abin da wata cuta ke yi a cikin hanta, sai ya kashe dabbar, ya yanka hantar sala-sala, ya rina ta, ya duba a madubi. Gobe in yana son ya ga inda cutar ta kai, sai ya kashe wata dabbar daban. Ka ga kamar a ce wa mutum ya ba da labarin yadda kasuwa ke ci, amma abin da aka ba shi hoto ne guda na kasuwar wani gari da hantsi, da wani hoton na kasuwar wani garin da la'asar. Zai ga mutane da kaya, amma ba zai san wa ya zo daga ina ba, wa ya sayar wa wa, wa ya yi dillanci a tsakani. Sauran sai dai ya cika da zato. Da ɓera mai haske kuwa, masani na zaune ne a bakin kasuwar, yana kallon ciniki yana gudana, a jikin dabba guda, tana raye, yau da gobe da jibi, har wata da watanni.

Kuma a nan ɓeran da ya zama kore gaba ɗaya ba shi ne ya fi amfani ba. In duk ragunan da ke kara an shafa musu fenti iri ɗaya, ta yaya za ka gane naka? Shaida tana aiki ne in an sa ta a kan waɗansu an bar waɗansu. To, kowace ƙwayar gado tana da wani ɗan rubutu a gabanta mai aiki kamar adireshi a bayan ambulan. Wani adireshin na cewa a buɗe wannan a hanta kaɗai, wani na cewa a ƙwaƙwalwa, wani a cikin dakarun jini masu yaƙi da cuta. Sai masana su liƙa wa koren furotin adireshin da suke so. Ta haka ake samun ɓeran da bangon jijiyoyin jininsa ne kaɗai ke haske, ko wanda dakarun jininsa ne kaɗai, sauran jiki na nan duhu. In aka haɗa iri biyu aure, sai a sami ɗa mai jijiyoyi kore da dakaru ja.

Saura yadda za a leƙa ciki. Fatar kunnen ɓera siririya ce, ana iya dubawa kai tsaye. In ƙwaƙwalwa ce ko hanta, sai a yi wa dabbar allurar barci, a yi mata fiɗa a sa mata 'yar taga ta gilashi. A kai, tagar ba ta wuce faɗin ƙwayar wake ba. In ta warke, ɓeran na ci gaba da ci da sha da yawonsa a keji, lokaci-lokaci a ɗauko shi a ɗora a ƙarƙashin madubi. Madubin da ya fi taimakawa an ƙirƙiro shi ne a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1990, yana aiki da hasken lesa, yana kuma iya gani har zurfin kusan milimita guda a cikin nama mai rai. Milimita guda ba wani abu ba ne a wurin tela, amma a wurin ƙwayoyin jiki unguwa ce guda.

Ga kaɗan daga cikin abin da aka gani. A cikin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu ƙwayoyi masu aikin gadi. Shekara da shekaru littattafan likitanci na cewa in babu ciwo a kwance suke suna hutawa, domin a yankakken nama haka ake ganinsu, tsit. A shekara ta 2005 masana a Jamus da Amurka suka leƙa ta taga a kan ɓeran da masu gadin nan nasa ke haske. Ashe ba hutawa suke ba. Dare da rana suna miƙa 'yan hannuwa suna janyewa, suna lalube ko'ina kamar 'yan sintiri, kuma da aka yi ɗan rauni da gangan, cikin mintoci kaɗan suka miƙo hannuwa suka kewaye wurin. Sai da aka gyara littattafai.

Har wa yau a cikin ƙwaƙwalwa, an koya wa ɓeraye sabon aiki, alal misali su miƙa hannu ta wata 'yar kafa su ɗauko ƙwayar abinci. A 2009 aka ba da rahoton cewa cikin sa'o'i kaɗan da fara koyo, sababbin 'yan tsiro na fitowa a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, inda jijiya ke haɗuwa da 'yar'uwarta, kuma waɗansunsu na zama daram in aka ci gaba da maimaita aikin. A 2014 kuma aka ga cewa ɓeran da aka bari ya yi barci bayan koyo ya fi wanda aka hana barci samun waɗannan tsiro. Iyayen yara 'yan makaranta sai su ji wannan. Akwai kuma ɓeran da aka yi a Jami'ar Harvard a 2007, wanda aka gauraya launuka uku zuwa huɗu a cikinsa kamar yadda marini ke haɗa rini, har aka sami launi kusan 90, kowace jijiya da nata, don a iya bin ta a cikin cunkoso ba a ɓata ba. Hotunansa ne masu kama da bakan gizo.

A ƙasar Holan, a birnin Utrecht, Hans Clevers da mutanensa sun yi amfani da ɓera mai haske a 2007 suka gano iyayen ƙwayoyin da ke sabunta bangon hanji. Bangon hanjinka, Malam, kusan kowane kwana biyar sabo ne, tsohon ya zube. Iyayen na zaune ne a cikin ƙananan ramuka, kamar wurin renon iri, 'ya'yansu na hawowa sama layi-layi. Sanin waɗannan iyaye ya taimaka wajen gane inda ciwon daji na hanji ke farawa. A kan ciwon dajin ma, an kalli yadda ƙwayarsa ke ɓallewa daga ƙari ta kutsa cikin jijiyar jini don ta tafi wani wuri, aka kuma ga cewa waɗansu daga cikin dakarun jiki, maimakon su tare ta, su ne ke buɗe mata ƙofa.

Amma wanda ya fi shafar mu shi ne zazzaɓin cizon sauro, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa. Akwai wani irin ƙwayar zazzaɓi da ke kama ɓeraye ba ta kama mutum, an gano ta a dajin Kwango a 1948, kuma da ita ake yawan gwaji. A nan ita ƙwayar cutar ce ake sa wa haske, wani lokaci a sa mata ja, a sake ta a jikin ɓera mai koren jijiyoyi. Da yawanmu mun ɗauka in sauro ya ciji mutum, kai tsaye yake zuba cutar a cikin jini. A 2006 masanan Cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka bar sauro ya ciji kunnen ɓera suna kallo. Sai ga shi a cikin fata sauron ke tofar da yawancin ƙwayoyin. Suna nan suna ta zagaye kamar baƙon da ya sauka a tasha da dare, suna neman jijiyar jini. Waɗansu su samu su shige. Waɗansu su yi ɓatan kai su bi hanyar da ke kai wa ga kaluluwa, inda akasarinsu ke halaka. Waɗansu kuma su maƙale a cikin fatar.

Wadda ta sami jini sai hanta. A can take shiga ƙwayar hanta guda ta ɓuya, ta hayayyafa ta zama dubbai. A jikin mutum wannan na ɗaukar kamar mako guda, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, mutum na harkokinsa. To yaya suke fitowa daga hanta, alhali hanyar cike take da dakaru masu haɗiye baƙo? A cikin shekarar 2006 ɗin dai, masana a birnin Hamburg na Jamus tare da na Paris suka gani da idonsu. Ashe ƙunshe kansu suke yi a cikin fatar ƙwayar hantar da suka cinye, ƙulli-ƙulli, su fito a haka. Dakarun na ganin ƙullin sai su ɗauka ɗan gida ne, su bar shi ya wuce. Kamar dai mai fasa-ƙwauri ya zuba kayansa a buhun da ke da tambarin hukuma. Sai ƙullin ya yi nisa sa'an nan ya fashe, ƙwayoyin su auka wa jajayen ƙwayoyin jini, a nan ne zazzaɓi ke tashi.

Wannan 'yar tafiya daga fata zuwa hanta ita ce lokacin da cutar ta fi rauni, domin ƙwayoyin ba su da yawa tukuna. Nan ne kuma alluran rigakafin zazzaɓi guda biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, ɗaya a 2021 ɗaya a 2023, suke tare ta. An fara yi wa yara a Gana tun 2019 a matsayin gwaji, Kamaru da Nijar suka fara a 2024, Nijeriya kuma a watan Disamba na 2024 a jihohin Kabi da Bayelsa. Ba muna cewa daga ɓera mai haske aka samo rigakafin ba, an fara aikin ta farkon tun cikin shekarun 1980. Amma da irin wannan kallo ne aka ga yadda garkuwar da rigakafi ke tayarwa take daskarar da ƙwayar cutar tun tana cikin fata, kuma masu neman rigakafin da ya fi na yanzu ƙarfi suna gwada nasu ta wannan hanya.

Makiyaya kuma ga naku. Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke ɗauka, mai sa ciwon barci ga mutum, danginta kuma na sa sammore ga shanu, an daɗe ana nemanta a cikin jini. A 2016 masanan Jami'ar Glasgow ta Birtaniya da na Cibiyar Pasteur suka bi sawun ƙwayar da aka sa wa haske a jikin ɓera, suka tarar tana taruwa a cikin fata, har ƙuda na iya ɗaukarta daga nan ko da ba a gan ta a jini ba. Da suka koma kan tsofaffin samfuran fatar mutane da aka ajiye daga Kwango, sai ga ta a jikin waɗansu da ba a san suna da cutar ba. Ka ga ke nan mai gwajin jini kaɗai na iya sallamar mutum alhali yana ɗauke da ita.

Sai dai, Malam, kada mu zuzuta abin fiye da kima. Ɓera dai ɓera ne. Magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye, da aka zo kan mutum suka kasa, kuma kusan tara cikin goma na magungunan da ake fara gwadawa a kan mutane ba sa kaiwa kanti. Madubin ba ya gani da zurfi. In aka daɗe ana dalla haske, launin na kodewa, naman ma na iya ƙonewa. Wani lokaci kuma shi kansa baƙon furotin ɗin na dama lissafi, ya sa ƙwayar jiki ta yi abin da ba ta saba ba, don haka masani na gari kullum yana kwatantawa da ɓeran da ba a taɓa ba. Akwai kuma haƙƙin dabba. Fiɗa fiɗa ce, ko da an yi allurar barci, kuma ƙarshen yawancin ɓerayen nan kashewa ne. Akwai mutane da yawa a Turai da Amurka da ke adawa da wannan aiki, kuma maganarsu abin saurare ce. A ƙasashen da ake yin sa, sai wani kwamiti ya duba ya yarda kafin a taɓa dabba, bisa ka'idar da aka shimfiɗa tun 1959, cewa a nemi abin da zai maye gurbin dabba in akwai, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sassauta musu wahala. Masu wannan bincike na kafa hujja da cewa bin ɓera guda mako goma ya fi a kashe goma, ɗaya kowane mako.

Batun rumbunka kuwa, kwantar da hankalinka. Ɓerayen nan a rufe suke a cikin kejuna, a ɗakunan da ko ma'aikaci sai ya sauya tufafi kafin ya shiga, domin ana tsoron kada shi ya kai musu cuta. Tsada gare su, ana lissafinsu ɗaya-ɗaya, doka kuma ta hana a sake su. Akwai wata cibiya a jihar Maine ta Amurka, Jackson Laboratory, da aka kafa a 1929, mai ajiye iri fiye da 10,000 na ɓerayen bincike, yawancinsu ma a matsayin ƙwai ko maniyyi a daskare, sai an yi oda a tayar. Ɓera ne da aka yi zuriya bayan zuriya ana ba shi abinci a kwano, bai san kyanwa ba, bai san mujiya ba. Koren furotin kuma ba dafi ba ne, ba ya ƙara masa ƙarfi ko ci ko haihuwa, ba ya kuma yaɗuwa ta cizo ko taɓawa, sai ta gado. An yi wa aladu da kyanwoyi da karnuka da tumaki irin wannan a wurare daban-daban don bincike, amma abin da aka fi sani ya shiga kasuwa shi ne ƙananan kifayen ado da aka fara sayarwa a Amurka a 2003. Ɓeran da ya kamata ka yi hattara da shi shi ne wanda ke cikin rumbun naka tun tuni, musamman mai nonuwa da yawan nan da ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi da garin da aka shanya. Shi kam ba ya haske, sai ka toshe ramuka ka rufe abinci.

Da fatan an raba gardama, a kuma gai da mutanen rumfa. Sauran waɗanda suka aiko da takardu, muna nan tafe da amsoshinku.